Sassan Ƙofa da Taga a Ginin Hausawa

Sassan ƙofa da taga su ne gaɓoɓin da ke haɗuwa su ba da mashiga, ko hanyar iska da haske, a jikin gini, tare da abubuwan da ake rufe su da su. Sunayen waɗannan sassa a harshen Hausa iri biyu ne. Akwai na gargajiya da suka taso tare da ginin ƙasa, irin su ƙyaure, gambu, dokin ƙofa da azara. Akwai kuma na aro da suka shigo tare da katako, siminti da ƙarfen walda, irin su firam, hinji da linta. Dalilin wannan rabuwa yana cikin ginin kansa. A ginin ƙasa na asali ba a ƙera wani zagaye daban a cusa shi cikin bango, bangon ne ke zama gefen ƙofa, azara ta zama samanta, tudun ƙasa ya zama ƙasanta. Saboda haka tsofaffin kalmomin sunayen wurare ne a jikin bango, sababbin kuma sunayen kayan da ake sayowa ne a kasuwa.

Ƙofa da ƙyaure

Ƙofa, jam'inta ƙofofi, ita ce buɗaɗɗen wurin da aka bari a bango domin shiga da fita. Abin da ake turawa a rufe wurin shi ne ƙyaure. A maganar yau da kullum mutane kan ce "rufe ƙofa" ko "ya ƙwanƙwasa ƙofa", kuma ba wanda zai ce sun yi kuskure, sai dai magini da kafinta suna riƙe da bambancin domin aikinsu ya dogara da shi: magini ne ke fitar da ƙofa, kafinta ko mai walda ne ke yin ƙyaure. Ɗaki yana iya samun ƙofa ba ƙyaure, kamar yawancin zaurukan ƙauye. Ƙyauren da aka jingine a shagon mai walda kuwa bai zama ƙofar kowa ba tukuna.

A Katsina, Zamfara da Sakkwato an fi jin gambu, jam'insa gambuna, a inda Bakano zai ce ƙyaure. Ƙamusun G. P. Bargery na 1934 yana da amfani wajen irin wannan bincike domin yakan nuna yankin da kalma ta fito. Bambancin bai tsaya a kalma ba, ya kai ga furuci. A karin harshen yamma, har da na Katsina, sautin f yakan fito kamar hw kafin wasalin a, shi ya sa ake jin dattawa suna cewa ƙohwa.

Kalmar ƙyaure tana da wani abin sha'awa ga masu nazarin harshe. Jam'inta ƙyamare ne, da harafin m da babu shi a tilo. Bayanin da masana suka bayar shi ne tsohuwar siffar tilon ƙyamre ce, sai m ɗin da ke ƙarshen gaɓa ya rikiɗe ya koma u, kamar yadda zamna ta koma zauna, amre ta koma aure, ɗamre ta koma ɗaure a Hausar Kano. A jam'i m ɗin yana farkon gaɓa, don haka sauyin bai taɓa shi ba. Wannan yana cikin sauye-sauyen sauti da ake kira dokar Klingenheben, da sunan Bajamushen da ya bayyana su a wajajen 1928.

Jinsin kalmomin biyu ma ya bambanta. Ƙofa mace ce, don haka take ɗaukar mahaɗin r: ƙofar gida, ƙofar fada. Ƙyaure da gambu maza ne, suna ɗaukar n: ƙyauren ɗaki, gambun zaure. A magana r ɗin yakan narke cikin baƙin da ke biye da shi, sai a ji "ƙofag gida" ko "Ƙofad Durɓi", amma a daidaitaccen rubutu r ake sa wa.

Misalin Ƙofar Durɓi

Ƙofofin birni su ne wurin da bambancin ƙofa da ƙyaure ya fi fitowa fili. Birnin Katsina yana da tsofaffin ƙofofi 7 da aka fi sani a jikin ganuwarsa: Guga, Sauri, Durɓi, Marusa, Ƙaura, Ƙwaya da 'Yanɗaka. Ganuwar babba ce ƙwarai. Heinrich Barth, wanda ya fara zuwa Katsina a 1851, ya ƙiyasta zagayen birnin da mil 13 zuwa 14. Ƙofar Durɓi, wadda ake yawan rubutawa Durbi a alluna da takardun hukuma, tana gabashin birni, ɓangaren da ake fita zuwa Mani da Daura.

Sunanta sunan sarauta ne. Durɓi yana cikin masu zaɓen Sarkin Katsina, kuma a da shi ne hakimin Mani. Sarautar tana da alaƙa da Durɓawa, gidan da labarin gargajiya ya ce shi ya fara mulkin Katsina har zuwa kan Sanau, wanda Korau ya kayar ya karɓi sarauta. A ƙasar Mani ne Durɓi ta Kusheyi take, wurin manyan tuddan kaburbura da H. R. Palmer ya fara tonawa a 1907. Wannan salon raɗa wa ƙofa sunan basaraken da ƙasarsa take ta wajen ya shafi wasu ƙofofin ma, domin Ƙaura, Marusa da 'Yanɗaka duk sarautu ne.

A zamanin da ganuwa take aikin tsaro, ƙofar birni irin wannan doguwar hanya ce ƙunƙuntacciya da ta ratsa kaurin ganuwa, kamar zaure mai baki biyu. A cikinta ake kafa ƙyaure mai nauyi na itace, sau da yawa an lulluɓe shi da faifan ƙarfe da maƙera suka buga da ƙusoshi. Ana iya ganin irin waɗannan tsofaffin ƙyamare na birnin Kano a gidan tarihi na Gidan Makama. Ƙaton gungumen da ke gicciye a ƙofar gari shi ne gagarabadau, kalmar da a yau aka fi sani a matsayin kirarin jarumi ko basaraken da ba a iya kayarwa. Mutane da yawa suna amfani da kirarin ba tare da sanin cewa sunan itace ne ba. Mai kula da buɗewa da rufewa shi ne Sarkin Ƙofa, wanda kan rufe ƙyaure da dare, ya buɗe da safe, ya kuma san baƙon da ya shigo.

Bayan zuwan Turawa, da Lugard ya shiga Katsina ta Ƙofar 'Yanɗaka a 1903, rufe gari da dare ya daina zama dole, daga baya kuma motoci suka tilasta faɗaɗa mashigai. Ƙofar Durɓi ta yau titin mota ne ya ratsa ta, ba ta da gambu, ba ta da sakata, ba wanda ke rufe ta. Duk da haka ba Bakatsinen da zai yi jinkirin kiranta ƙofa, domin abin da kalmar ke nufi, wato mashiga, yana nan. Sunan ma ya bazu ya rufe unguwar da ke kewaye da ita, ta yadda wanda ya ce yana zaune a Ƙofar Durɓi unguwa yake nufi.

Baki, kai, gefe da doki

Hausa tana yawan aro sunayen sassan jiki ta ba wurare, kuma ƙofa ta samu rabonta. Bakin ƙofa shi ne daidai wurin da ake tsayawa a yi sallama. Kan ƙofa ko saman ƙofa shi ne abin da ya gitta a sama. Gefen ƙofa shi ne bangon dama da na hagu. Hannun ƙofa shi ne mariƙin da ake kamawa a ja ko a murɗa, kuma wannan sabon amfani ne, domin tsohon ƙyaure zobe ko 'yar sarƙa ake sa masa. Bayan ƙofa kuwa shi ne lungun da ƙyaure ke rufewa idan an buɗe shi, inda ake jingine tsintsiya ko sanda.

Dokin ƙofa shi ne tudun da ake ginawa a ƙasan ƙofa daga wannan gefe zuwa wancan, wanda mai shiga ke tsallakawa. Ana ganin sunan ya samo asali ne daga yadda mutum kan raba ƙafa a kansa, ɗaya ciki ɗaya waje, kamar wanda ya hau doki. Wasu kan kira shi dangarama, musamman idan ya yi tsayi kamar 'yar katanga. Aikinsa ya fi girmansa. Da damina, musamman a watan Agusta da ruwa ke yin ƙarfi, shi ne ke hana ruwan tsakar gida malala cikin ɗaki ya lalata daɓe, ya kuma jiƙa gindin bango, wanda shi ne babban abin da ke kayar da ginin ƙasa. Yana tare ƙura da shara, yana rage shigar kaji da ƙwari, kuma ƙasan ƙyaure yana samun abin jingina idan an rufe. Akwai camfin da ke hana zama a kan dokin ƙofa, musamman da magariba, a kan cewa hanyar iskoki ce. Ko ba camfi, mai zama a wurin ya tare wa kowa hanya. A gidajen siminti da ake ɗaga daɓen ɗaki sama da tsakar gida, dokin ƙofa yana raguwa ya koma ɗan layi, wani lokaci ma ba a yin sa sam, kuma yaran da suka tashi a irin waɗannan gidaje da wuya su san kalmar.

Saman ƙofa a ginin ƙasa azara ce ke riƙe shi. Azara itacen giginya ne da aka tsaga gida-gida. Magina sun fi son ta saboda ƙarfinta da kuma yadda gara ba ta cika cin ta ba. Ana jera azara da yawa a gicciye, bakinsu ya shiga cikin bango ta kowane gefe, sannan a ci gaba da ɗora tubali a kai. Iyakar tsawon da azara ke iya ɗaukar nauyi ba tare da ta lanƙwashe ba bai cika wuce mita 2 ba, kuma wannan ne ya sa ƙofofin gargajiya ba su da faɗi. In ana son mashiga mai faɗi, kamar a fada ko masallaci, sai a riƙa turo azara daga bango hawa-hawa ana ɗaurewa ana shafe ta da ƙasa har ta haɗu a sama ta zama baka. Irin wannan shi ake kira bakan gizo.

Abin rufewa da abin kullewa

Ba kowace ƙofa ce ke da ƙyauren itace ba. A da itace mai faɗi yana da tsada, don haka talaka yakan rufe ɗakinsa da abin da ya samu a gona. Tufaniya da askuniya marufai ne na kara ko ciyawa da ake saƙawa a jingine a bakin ɗaki. Asabari kuwa saƙa ce ta siraran tsirrai da ake ratayewa daga sama, a naɗe ta in ana son haske, a sake ta in ana son sutura. Tana barin iska ta shiga, kuma na ciki yana ganin na waje ba tare da na waje ya gan shi ba. Labule na yadi shi ya gaje ta a birane. Daga baya aka samu ƙyauren kwano da na langalanga, wato faifan ƙarfe mara kauri da ake bugawa a kan katako.

Tsohon ƙyauren itace ba ya rataye a jikin komai. Itacen gefensa ɗaya ana barinsa ya zarce sama da ƙasa. Ƙarshen ƙasa yana zama cikin gurbin da aka fafe a dutse ko guntun itace, ƙarshen sama kuma yana shiga rami a jikin azara, sai ƙyauren ya riƙa juyawa a kansu. Wannan ne ke ba da ƙarar da aka san tsofaffin ƙyamare da ita. Shi ne kuma dalilin da ya sa Hausa ba ta buƙaci tsohuwar kalma ta hinji ba.

Daga ciki ana rufewa da sakata, wadda a da sanda ce da ake zurawa a gicciye cikin ramukan bango, yanzu kuma ƙaramin ƙarfe ne da ake zugewa. Ana danganta kalmar da Larabci. In ba sakata, sai a tokare ƙyaure da madogari. Daga waje kuwa kwaɗo ake sa wa, kalma ɗaya da sunan dabbar ruwa, wataƙila saboda kamar da ke tsakaninsu in ya tsuguna a jikin ƙyaure. Kuba ita ce makullin da ake dasawa a cikin jikin ƙyauren kansa.

Mabuɗi, makulli, marufi da madogari duk tsari ɗaya ne: ɗafa-goshin ma, sai tushen aikatau, sai wasalin i a ƙarshe, daga buɗe, kulle, rufe da dogara. Wannan shi ne tsarin sunan kayan aiki. A rubuce ya yi kama da na mai aikatawa, kamar magini da maƙeri, amma karin sauti ya raba su: sunan kayan aiki duk gaɓoɓinsa sama suke, na mai aikatawa kuma gaɓar tsakiya tana sauka. Abin lura shi ne mabuɗi da makulli, da aka ciro daga aikatau biyu masu kishiyantar juna, sun haɗu a kan abu ɗaya, domin ƙarfen da ke buɗewa shi ne ke kullewa. Makulli dai ya ɗan fi faɗi, domin yana iya nufin kwaɗon ko kubar ma. Daga wannan tushe ne aka samu kalmar kulle ta zaman matan aure a gida.

Taga

Taga, jam'inta tagogi, daga Larabci take, daga kalmar ɗaƙa. A ginin gargajiya 'yar kafa ce da ake bari can sama kusa da rufi, sau da yawa ba ta fi a zura hannu biyu ba. Ƙanƙantarta da gangan ne: kaurin bango yana riƙe sanyi, babbar taga kuwa za ta shigo da zafi da ƙura, ta raunana bango, ta kuma ba mai wucewa damar leƙa cikin gida. Irin wannan taga ba ta da sassa da za a raɗa wa suna. Da hunturu ana toshe ta da tsumma ko guntun tabarma, shi ke nan.

Sassan taga sun yawaita ne bayan da ta girma. Aka fara da murfin taga na katako ko kwano, sai gilashi, sai luba, wato jerin gilasai masu kwanciya da ake ɗagawa da ɗan mariƙi, sai ta alminiyam mai zugewa. Aka ƙara raga saboda sauro, da ƙarafan da ake gittawa saboda ɓarayi. Kalmar wundo, daga Turanci, ta shigo tare da waɗannan, kuma an fi jin ta game da tagar gilashi da ta mota. Taga dai ba ta ja da baya ba, ana amfani da ita ga tsohuwa da sabuwa.

Firam da sauran kalmomin aro

Firam shi ne zagayen katako ko ƙarfe da ake kafawa a cikin ƙofa ko taga, wanda ƙyaure ke rataye a jikinsa. Sassansa ba su da sunaye na musamman a bakin yawancin masu sana'a. Sukan ce na tsaye da na kwance, ko na gefe da na sama. Hinji shi ne ƙarfe mai fukafuki biyu da ke haɗa ƙyaure da firam. Linta ita ce kankare mai rodi da ake zubawa a saman ƙofa da taga, aikin da azara take yi a da. Kalmar ta zama ma'aunin ci gaban gini, domin in aka ce gini ya kai linta, kowa ya san saura kaɗan a yi rufi. Duk ukun daga Turanci suke, kuma Hausa ta gyara su yadda za su dace da bakinta. A firam an raba baƙaƙe biyu na farko da wasali, hinji da linta kuma sun ƙare da wasali kamar yawancin kalmomin Hausa.

Wannan sauyi ya juya tsarin aiki ma. A ginin ƙasa ana fitar da ƙofa tukuna, sannan a yi mata ƙyaure daidai da ita, shi ya sa da wuya a samu biyu masu awo ɗaya. A ginin bulo kuwa sau da yawa firam ake fara saya, magini ya bar masa wuri. Masu walda suna sayar da firam da ƙyaure a haɗe, suna kiran duka ƙofa, kuma wannan yana cikin abin da ke sa kalmar ƙofa tana mamaye wurin ƙyaure da gambu a bakin matasa. Mai sayen da tsohon firam ɗinsa yake da kyau, ƙyaure kaɗai yake so, in ya ce a yi masa ƙofa yana iya biyan kuɗin abin da bai buƙata ba.

Faɗaɗar ma'ana

Ƙofar gida ba mashiga kaɗai take nufi ba, ta haɗa da filin da ke gaban zaure, inda ake shimfiɗa tabarma, a yi ɗaurin aure ko zaman makoki. Ƙofar Soro a Katsina ita ce mashigar gidan sarki, kuma ita ma ta zama sunan wurin da ke kewaye da ita. A tsarin sarauta ana kiran mutum ma ƙofa: bafaden da hakimi ko baƙo ke bi ta hannunsa kafin ya kai ga sarki shi ne ƙofarsa. Babban ƙyauren ƙarfe na gidan zamani da mota ke shiga ta cikinsa ya samu sunan aro, get, mai tsaronsa kuma maigadi. Ƙofofin birni ba su karɓi wannan suna ba a Hausa, ko da an sake gina su da siminti.